Kafin a Ji Ƙarar Bindiga: Alamomin da Ke Bayyana Gabanin Harbin Kan Mai Uwa da Wabi a Amurka

Da safiyar Talata, 30 ga Nuwamban 2021, wata malama a makarantar sakandaren Oxford da ke jihar Michigan ta leƙa takardar aikin lissafin wani ɗalibi ɗan shekara 15, sai gabanta ya faɗi. Yaron ya zana bindiga da harsashi, ya kuma zana mutum jina-jina. A gefe ya rubuta cewa tunanin da ke yawo a kansa ya ƙi barinsa, a taimake shi. A wani wurin ya rubuta cewa rayuwarsa ba ta da amfani.

Malamar ba ta yi shiru ba. Aka kai yaron ofishin malamin ba da shawara, aka kira iyayensa, aka ce musu su nema masa ƙwararren da zai duba shi cikin sa'o'i 48. Iyayen suka ce aiki na jiransu, ba za su tafi da shi gida ba. Ba su ambaci cewa kwana huɗu da suka wuce mahaifin ya saya wa yaron ƙaramar bindiga ba, kuma babu wanda ya buɗe jakarsa. Kwana ɗaya kafin nan ma wata malamar ta gan shi yana duba hotunan harsasai a waya. Da makaranta ta sanar da mahaifiyar, sai ta aika wa ɗan nata saƙo cewa ba ta yi fushi ba, amma ya koyi yadda ba za a riƙa kama shi ba.

Aka mayar da shi aji. Kafin ƙarfe ɗaya na rana ya fito daga banɗaki da bindiga a hannu. Ɗalibai huɗu suka rasa rayukansu, mutum bakwai suka jikkata, ciki har da malama ɗaya.

An yanke wa yaron ɗaurin rai da rai. A 2024 kuma kotu ta samu mahaifiyarsa da mahaifinsa da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15. Su ne iyaye na farko a Amurka da aka hukunta haka saboda harbin da ɗansu ya yi a makaranta. Cikin hujjojin da aka gabatar har da littafin da yaron ke rubuta sirrinsa, inda ya ce yana son taimako amma iyayensa ba sa sauraronsa.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, abu biyu ake yawan ji daga bakin mutane: wai mutumin lafiya lau yake, kawai rana ɗaya ya birkice, ko kuma ai dama mahaukaci ne. Binciken da aka shafe fiye da shekara ashirin ana yi a Amurka ya nuna duka biyun ba su cika zama gaskiya ba. A wannan rubutu ba za a ambaci sunan ko ɗaya daga cikin maharan ba, domin masu binciken sun gano cewa da yawansu suna ne suke nema, kuma na baya kan yi nazarin na gaba.

Ba rana ɗaya abin ke faruwa ba

Bayan harin makarantar Columbine a jihar Colorado ranar 20 ga Afrilun 1999, inda wasu ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu 12 da malami ɗaya a ranar, hukumar Secret Service, wadda aka fi sani da tsaron shugaban ƙasa, ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi suka bi diddigin hare-hare 37 da aka kai a makarantu tun daga 1974. Rahotonsu na 2002 ya zo da abubuwa biyu da suka sauya tunanin masana. Na farko, babu wata siffa guda da za a ce ita ce ta yaron da zai yi harbi: akwai mai ƙoƙari a aji da marar ƙoƙari, mai abokai da marar abokai, wanda iyayensa ke tare da wanda nasa suka rabu. Na biyu, a kashi 81 cikin ɗari na hare-haren akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san maharin na tunanin abin ko yana shirya shi. Yawanci aboki ne, ko ɗan aji, ko ɗan uwa.

A 2018 hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta fitar da nata nazarin kan mahara 63 da suka yi ɓarna tsakanin 2000 da 2013. A inda aka iya gano tsawon lokacin, kashi 77 cikin ɗari sun kwashe mako guda ko fiye suna tsara harin. Kowannensu ya nuna abubuwan tayar da hankali kimanin huɗu zuwa biyar da na kusa da shi suka gani da idonsu. Fiye da rabinsu sun furta niyyarsu ta yin ta'asa, ko da baki, ko a rubuce, ko a intanet.

Sai dai me waɗanda suka ga alamomin suka yi? Mafi yawa sun yi wa mutumin magana kai tsaye. A fiye da rabin lamuran an sami waɗanda suka gani suka yi shiru. A kashi 41 cikin ɗari kaɗai maganar ta kai ga jami'an tsaro. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san zuciyar ɗan Adam. Masu ganin alamomin su ne mata, uwa, aboki, abokin aiki, wato mutanen da suka fi kowa son mutumin, suka kuma fi kowa jin nauyin kai ƙararsa. Uwa za ta ce ƙuruciya ce. Aboki zai ce wasa yake yi.

Shin taɓin hankali ne sila?

A nan ne ake bukatar taka-tsantsan, domin kuskure a wannan gaɓar zalunci ne ga miliyoyin mutane. A nazarin na FBI, kashi 25 cikin ɗari na maharan ne kawai aka tabbatar likita ya taɓa cewa suna da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma mutum uku ne kacal cikinsu ke da irin cutar da ke gusar da hankali har mutum ya riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu shi. Masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York sun tattara kisan gilla 1,315 da aka yi a faɗin duniya daga 1900 zuwa 2019. Cikin waɗanda suka yi amfani da bindiga, kashi 8 cikin ɗari ne aka samu da alamun irin wannan gushewar hankali. Farfesa Jeffrey Swanson na Jami'ar Duke, wanda ya daɗe yana nazarin alaƙar cutar ƙwaƙwalwa da tashin hankali, ya ƙiyasta cewa ko da a ce an warkar da duk masu manyan cututtukan ƙwaƙwalwa a Amurka, tashin hankalin da ake yi wa wasu zai ragu ne da kimanin kashi 4 cikin ɗari kawai.

Mai larurar ƙwaƙwalwa ya fi zama wanda ake cuta a kan wanda ke cutarwa. Kuma idan aka ci gaba da shafa masa kashin kaji a duk lokacin da aka yi harbi, sakamakon shi ne mai fama da damuwa zai ɓoye halin da yake ciki, ya ƙi zuwa asibiti don kada a riƙa yi masa kallon mai kisa. Akwai kuma wata hujja mai sauƙin ganewa: ciwon damuwa da taɓin hankali suna nan a Kanada da Japan da Ingila kamar yadda suke a Amurka, amma harbin jama'a a waɗannan ƙasashe bai kama ƙafar na Amurka ba.

Wani lokaci ma ƙiyayya ce tsagwaronta. Matashin da ya kashe baƙaƙen fata goma a wani babban kanti a birnin Buffalo ranar 14 ga Mayun 2022 ya zaɓi unguwar ne saboda launin fatar mazauna cikinta, ya je ya leƙa wurin tun kafin ranar, ya rubuta aƙidarsa ta fifita farar fata shafi bayan shafi. Babu likitan da ke rubuta maganin wariyar launin fata.

Amma cewa yawancinsu ba su da taɓin hankali ba ya nufin lafiyarsu ƙalau. Jillian Peterson, masaniyar halayyar ɗan Adam, da James Densley, masanin zamantakewa, sun kafa wata cibiyar bincike mai suna The Violence Project a jihar Minnesota, suka tattara tarihin rayuwar maharan Amurka tun daga 1966. Sun tattauna da wasu daga cikinsu a gidan yari, da iyalansu, da waɗanda suka tsira. Kusan kashi 98 cikin ɗari maza ne. Fiye da kashi 80 cikin ɗari sun shiga wani mawuyacin hali da ya bayyana ƙarara a ɗabi'unsu kafin harin. Kimanin kashi 30 cikin ɗari an san suna tunanin kashe kansu tun kafin ranar, wasu kusan kashi 40 kuma sun shiga harin ne da niyyar kada su fito da rai.

Wannan batu na kashe kai shi ne ginshiƙin fahimtar lamarin. Mutumin da ya riga ya yanke ƙauna daga rayuwa ba ya tsoron ɗan sanda mai bindiga a bakin ƙofa, ba ya tsoron hukuncin kisa. Abin da zai iya tsayar da shi yana can baya, a makonni da watannin da yake nutsewa.

Abubuwan da ake lura da su

Peterson da Densley sun ce hanyar da yawancin maharan suka biyo tana da zango huɗu. Akwai raunin da suka taso da shi tun yarinta, kamar duka, cin zarafi, ko tashi a gidan da ake rikici. Akwai wani abu da ya karya su daf da harin: kora daga aiki, mutuwar aure, rasuwar wani na kusa, ko wulaƙanci a makaranta. Akwai lokacin da suka koma nazarin waɗanda suka yi harbi a baya suna ganin kansu a cikinsu, suna neman wanda za su ɗora wa laifin halin da suke ciki. Sai na ƙarshe, samun makami.

Daga waɗannan ne masana suka fitar da abubuwan da ya kamata na kusa su sa wa ido. Sauyin hali na gaggawa: mai shiga mutane ya janye jiki, mai haƙuri ya koma mai saurin hasala, mai tsafta ya daina kula da kansa, barci ya ƙaurace masa. Maganar mutuwa, ko cewa babu sauran amfanin rayuwa, ko raba kayansa kamar mai bankwana. Ƙullatar wani mutum ko wata ƙungiya da ba ta gushewa, kullum maganar ke nan, kullum tana ƙara zafi. Yabon masu kisan gilla da tara hotunansu da bayanansu. Sabuwar sha'awar makamai da ta zo daidai da lokacin ɓacin rai. Sai kuma furuci, wanda shi ne mafi muhimmanci: saƙon da ke cewa wa aboki kada ya zo makaranta gobe, jerin sunayen mutane a littafi, ko rubutu a shafin sada zumunta cewa za a ga abin da zai faru.

Dukan mata da cin zalin iyali ma alama ce babba. Wani bincike da masana a Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa a 2021 ya duba harbe-harben da suka ci rai huɗu ko fiye tsakanin 2014 da 2019, ya gano cewa a kashi 68 cikin ɗari maharin ko dai ya kashe wani cikin iyalinsa ko kuma yana da tarihin cin zarafinsu.

Alama ɗaya ita kaɗai ba ta nuna komai. Dubban matasa na janye jiki, dubbai na furta maganganun fushi, kuma kusan dukkansu ba za su taɓa cutar da kowa ba. Shi ya sa ƙwararru ba sa iƙirarin za su iya duban mutum su ce wannan zai yi kisa. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne haɗuwar alamomin a kan mutum ɗaya, da yadda suke ƙaruwa, musamman idan magana ta fara komawa shiri: sayen makami, zuwa leƙen wuri, sa rana.

An faɗa, ba a ji ba

Abin da ya fi ciwo a tarihin waɗannan hare-hare shi ne yawan lokutan da aka yi magana amma ta faɗi ƙasa banza.

A Jami'ar Virginia Tech, malaman sashen Ingilishi sun tsorata da rubuce-rubucen wani ɗalibi tun 2005. Ɗalibai mata biyu sun kai ƙararsa kan takura musu. A Disambar shekarar aka kwantar da shi dare ɗaya a asibiti bayan ya yi maganar kashe kansa, wani jami'in shari'a ya yanke cewa shi haɗari ne ga kansa, ya ba da umarnin ya riƙa zuwa ganin likita. Babu wanda ya bi sawu ya ga ko ya je. Ba a sanar da iyayensa ba. Ba a kuma shigar da hukuncin cikin rajistar tarayya ta waɗanda aka haramta wa sayen bindiga ba, don haka ya sayi bindigogi biyu ba tare da wata matsala ba. Ranar 16 ga Afrilun 2007 ya kashe mutum 32. Kwamitin da gwamnan jihar Virginia na lokacin, Tim Kaine, ya kafa ya gano cewa kowane ofishi a jami'ar na riƙe da guntun labari, amma sun yi wa dokokin sirri gurguwar fahimta, suka ƙi haɗa bayanan wuri ɗaya.

A Parkland da ke jihar Florida, wata da ta san matashin da ya kai harin ta kira layin FBI ranar 5 ga Janairun 2018. Ta ce yana da bindigogi, yana maganar kisa, kuma tana tsoron zai shiga makaranta ya yi harbi. Ba a miƙa bayanin ga ofishin hukumar na Miami ba. Ranar 14 ga Fabrairu ya kashe mutum 17 a makarantar Marjory Stoneman Douglas. Kwana biyu bayan haka FBI ta amsa cewa ba ta bi ƙa'ida ba, daga baya kuma gwamnatin tarayya ta amince ta biya iyalan dala miliyan 127.5.

Lamarin Lewiston a jihar Maine shi ne wanda larurar ƙwaƙwalwa ta fito fili a cikinsa. Mutumin ɗan shekara 40 ne, sojan ko-ta-kwana da ya shafe shekaru yana koyar da jifa da gurneti. A farkon 2023 ya fara jin muryoyi yana ganin mutane na aibata shi a duk inda ya shiga. A watan Mayu iyalinsa suka sanar da 'yan sanda cewa hankalinsa na gushewa kuma yana da bindigogi. A Yuli aka kwantar da shi mako biyu a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a jihar New York. A Satumba wani amininsa soja ya aika wa shugabansu saƙo cewa yana ganin mutumin zai yi harbin kan mai uwa da wabi. Ɗan sanda ya je gidansa, ba a buɗe ƙofa ba, sai aka bar wa dangi aikin raba shi da makaman. Ranar 25 ga Oktoba ya kashe mutum 18 a wani gidan wasanni da wata mashaya, sannan ya kashe kansa. Kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce 'yan sandan gundumar suna da isasshiyar hujjar tsare shi da karɓe bindigoginsa a ƙarƙashin dokar jihar, kuma shugabanninsa a soja sun yi sakaci. Likitocin Jami'ar Boston da suka duba ƙwaƙwalwarsa bayan mutuwarsa sun sami alamun mummunan rauni a cikinta.

A duka ukun, mutanen gari sun sauke nasu nauyin. Waɗanda aka kai wa maganar ne suka yi mata riƙon sakainar kashi.

Harin da ba a kai ba

Harin da aka daƙile ba ya samun manyan kanun labarai, shi ya sa mutane da yawa ba su san yawan su ba. A Fabrairun 2018, wata dattijuwa a birnin Everett na jihar Washington ta buɗe littafin jikanta ɗan shekara 18 da ke zaune a gidanta. Ta tarar da cikakken tsarin kai hari a makarantarsa, har da yadda ya jefa kwandala don zaɓar makarantar da zai afka wa. Ta buɗe akwatin jitarsa, sai ga doguwar bindiga a ciki. Ranar 13 ga watan, kwana ɗaya kafin harin Parkland, ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda. An kama shi a makaranta a ranar, daga baya aka ɗaure shi shekara 22 da rabi. Kaka ce ta kai ƙarar jikanta, kuma duk wanda ya san matsayin jika a zuciyar kaka ya san abin da wannan kiran ya ci mata.

A 2021 Secret Service ta yi nazarin irin waɗannan shirye-shirye 67 da aka wargaza a makarantu tsakanin 2006 da 2018. A mafi yawansu, asirin ya tonu ne saboda mai shirin ya yi magana, wani ya ji, ya kuma faɗa. Galibi ɗalibai ne 'yan uwansa.

Domin kada irin wannan magana ta sake ɓacewa tsakanin ofisoshi, aka ɓullo da kwamitocin auna barazana. Kwamitin kan ƙunshi shugaban makaranta, masanin halayyar ɗan Adam ko malamin ba da shawara, jami'in jin daɗin jama'a, da ɗan sanda. Idan rahoto ya zo, sai su zauna su tambaya: me yaron ya faɗa, a wane hali, me ke damunsa, yana da tsari, akwai makami a gidansu? Farfesa Dewey Cornell na Jami'ar Virginia ya tsara ƙa'idojin da makarantu da dama ke bi tun farkon shekarun 2000, kuma bincikensa ya nuna mafi yawan barazanar yara ba ta wuce fushin ɗan lokaci ko mugun wasa ba, ana warware ta ba tare da kora ko kamu ba. Jihar Virginia ta wajabta irin waɗannan kwamitoci a jami'o'in gwamnati a 2008, sannan a 2013 ta zama jiha ta farko da ta wajabta su a dukkan makarantun gwamnati.

Masu wannan aiki na jaddada cewa kora ita kaɗai ba magani ba ce. Yaron da aka kora ya koma gida da ƙarin ƙullaci, babu mai sa masa ido, ga lokaci mai yawa. Abin da ya fi tasiri shi ne a nema masa likita, a magance tsangwamar da ake yi masa, a haɗa shi da wani babba da yake jin maganarsa, a ci gaba da bibiyarsa wata da watanni. Ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma na gargaɗin cewa idan ba a horar da kwamitocin da kyau ba, za su iya komawa hanyar takura wa yara baƙaƙen fata da masu buƙata ta musamman. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ita ce dalilin da ya sa ake cewa a dubi abin da yaro ya aikata ko ya furta, kada a dubi kamanninsa ko sunan cutarsa.

Bindigar da ke cikin gida

Duk wannan magana ba ta cika sai an zo kan makami. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hula a Amurka na riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A irin wannan yanayi, tazarar da ke tsakanin mummunan tunani da aikata shi gajeriya ce ƙwarai. Rahoton Secret Service na 2019 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na ɗaliban da suka yi harbi a makaranta sun samo bindigar ne daga gidan iyayensu ko na wani ɗan uwa na kusa. Kulle bindiga a akwatin ƙarfe, da ajiye harsashi a wani wuri daban, na daga cikin matakai mafi sauƙi da ke hannun iyaye.

Mataki na biyu shi ne abin da Amurkawa ke kira dokar jar tuta. Dokar na bai wa 'yan sanda, a wasu jihohin har da dangi, damar zuwa gaban alƙali su nemi a karɓe bindigogin mutum na ɗan lokaci, yawanci har zuwa shekara guda, idan akwai hujjar cewa zai cutar da kansa ko wasu. Ba sai ya aikata laifi ba, ba kuma sai likita ya ce yana da wata cuta ba. Jihar Connecticut ce ta fara a 1999, bayan wani ma'aikaci ya kashe shugabanninsa huɗu a hedikwatar hukumar cacar jihar. Indiana ta biyo baya a 2005, Florida kuma ta kafa tata makonni kaɗan bayan Parkland. Zuwa 2024 jihohi 21 da birnin Washington na da irin wannan doka. Binciken Swanson a Connecticut ya ƙiyasta cewa a duk karɓe bindigogi 10 zuwa 20 ana ceto rai ɗaya daga kashe kai. A California, masu bincike ƙarƙashin Dakta Garen Wintemute sun bi diddigin lamura 21 da aka yi amfani da dokar kan masu barazanar harbin jama'a, kuma babu ko ɗaya da ya aikata a tsawon lokacin da aka bibiye su.

Dokar na da masu adawa, waɗanda ke ganin ana tauye wa mutum haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi tun kafin a ji ta bakinsa. Kuma ko a inda take, ba ta aiki da kanta. A Indianapolis, wata uwa ta kira 'yan sanda a Maris ɗin 2020 kan ɗanta, suka karɓe bindigarsa, amma masu gabatar da ƙara ba su kai maganar gaban alƙali ba. Bayan 'yan watanni ya sayi wasu bindigogi biyu bisa ƙa'ida, a Afrilun 2021 kuma ya kashe mutum takwas a wata cibiyar kamfanin FedEx.

Bayan kisan yara 19 da malamai biyu a Uvalde ta jihar Texas a Mayun 2022, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar bindiga mafi girma cikin kusan shekara 30. Ta ware dala miliyan 750 don taimaka wa jihohi da shirye-shiryen shiga tsakani irin na jar tuta, ta tsaurara binciken masu sayen bindiga 'yan ƙasa da shekara 21, ta kuma zuba kuɗi a kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantu. A Yulin shekarar aka buɗe lambar waya 988, wadda duk mai cikin ƙunci ko mai tunanin kashe kansa zai iya kira dare da rana.

Babu wanda ke cewa waɗannan matakai za su tare kowane hari. Mutumin da ya yi ruwan harsashi kan masu kallon wasan kiɗa a Las Vegas a Oktoban 2017, harbin jama'a da ya fi kowane muni a tarihin ƙasar na baya-bayan nan, ya ɓoye shirinsa sosai, har FBI ta rufe bincike ba ta gano dalili guda takamaimai ba. Amma irinsa ba su da yawa, kuma ribar sa ido ta wuce batun harbin jama'a. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Jihar Colorado ta buɗe wani layi mai suna Safe2Tell a 2004, inda ɗalibi zai iya kai rahoto ba tare da an san shi ba, kuma wasu iyayen da suka rasa 'ya'yansu a harin makarantar Sandy Hook na 2012 sun kafa irinsa da ke aiki a makarantu da dama. An ƙirƙiri layukan ne don tare masu harbi, amma a Colorado, shekaru da dama a jere, rahoton da ya fi yawa ya kasance na yaro da ke tsoron abokinsa zai kashe kansa, kuma jami'ai kan bi irin wannan rahoto har gida ko da tsakar dare ne.